Goruna Arba'in a Tarun Halkuma

Da sunan Wanda ya zubo ruwa daga sama bai nemi izinin kowa ba, ya shimfiɗa ƙasa bai yanka mata iyaka ba, ya ba kogi hanya tun ba a haifi mai cewa nan nawa ne ba. Bayan haka, ni Nomau ɗan Cindo, mutumin Gangaren Albasa ta ƙasar Yalwanga, zan faɗi abin da idona ya gani da inda ƙafata ta taka. Karatuna bai kai ko'ina ba, a izu goma sha ɗaya na ajiye allo na koma gona, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa. Abu ɗaya nake roƙo, kada wani ya ce mini in yi haƙuri. An faɗa mini, na ji.

Kogin da zan ba ku labarinsa ƙasa uku ya ratsa, kowace da sunan da take kiransa. Mutanen Dirma, can kan duwatsu inda yake ɓuɓɓugowa, suna ce masa Ɗanmu. Mutanen Halkuma da ke tsakiya suna ce masa Baƙo. Kafin ya iso wurinmu ya gaji, ya yi faɗi, yana tafiya a hankali, sai muke ce masa Kaka. Sarakunan ƙasashen nan uku sun daina magana da juna tun zamanin kakannin kakanninmu, a kan wane ne mai kogin. Ba manzo, ba wasiƙa, ba gaisuwar mutuwa. Magana ɗaya ce ta rage tsakaninmu, ita ma ba ta baki ba: gora.

Ga yadda abin yake. Dirma ta gina madatsa a kan kogin, kuma daminarsu ba tamu ba ce, lokacin da muke rani su ruwa suke sha. In madatsar ta cika har suna tsoron ta fashe, sai su buɗe ƙofofinta. Amma kwana uku kafin su buɗe, sai su saki jajayen goruna arba'in su biyo ruwa. Mu kuwa da rani cikin kogin muke noma, a kan lakar da ruwa ya janye ya bari. Mu kafa bukkoki, mu tare da mata da yara har a cire albasa. Duk ranar da aka hango jan gora, ba a tsayawa shawara, a ɗauki yara da abin da hannu zai iya a hau tudu. Mutum zai iya zuwa ya rantse da kabarin ubansa cewa ruwa na tafe, ba mai barin albasarsa, don an sha yi mana haka a kwashe mana gona. Gora kam bai taɓa yaudararmu ba.

Wata Talata da hantsi muna ban ruwa, sai muka ji ƙugi kamar an koro shanu dubu. Ba gora, ba alamar gora. Muka ɗaga kai muka ga Kaka a tsaye, ja wur, ya fi giginya tsawo. Yayana Barmo, wanda ya riƙe ni tun mutuwar babanmu, ya saɓa Inna a baya ya kai ta tudu. Ya ce in riƙe ta, ya koma don Hassu, wata maƙwabciyarmu mai jego, da jaririnta. Ina riƙe da Inna har yau a ganina, don bai dawo ya ce in sake ta ba.

Mutum talatin da huɗu muka rasa.

Dattawa suka ce ƙaddara ce. Na ce na yarda da ƙaddara, amma ƙofar ƙarfe ba ta buɗe kanta. Suka ce yaro ne, baƙin ciki ke sa shi saɓo. Da aka yi sadakar arba'in, yunwa ta mayar da kowa cikin kogi don a sake dashe kafin rani ya ƙare, har da Inna, da ƙugunta mai ciwo. Ban iya kallon bukkokin nan suna sake tashi a inda waɗancan suka kwanta ba. Na ɗauki addar Barmo na wasa ta har tana aske gashin hannu. Inna ta gani. Ta cika mini burgami da ragowar albasar da ruwa ya bari, ta ɗaure bakin da kanta, ta juya baya.

Kwana biyu ina tafiya ta hanyar tudu na iso ƙofar Halkuma. Ban taɓa ganin mutane irinsu ba. Dokarsu ita ce ba abin da ke shiga ƙasarsu ko fita sai ya amsa tambaya uku: sunansa, sunan ubansa, da inda za shi. In ya amsa a rubuta a ɗanyen yumɓu, a buga hatimi, a rataya masa a wuya. Na ga jakuna da hatimi, na ga agwagi da hatimi. Na ga wani dattijo yana amsa wa akuyarsa, wai sunanta Kyalla 'yar Baƙin Bunsuru, za ta kasuwa. Na ga dogari yana bin balbela da gudu yana zaginta don ta tsallake bango ba ta tsaya ba. Da wani lokaci ne da na yi dariya. Na amsa musu, suka rataya mini nawa, na wuce.

A rana ta biyar na faɗa wani kwari busasshe, ƙasarsa ta tsattsage kamar dugadugan tsoho. Da can reshen kogi ne, gina madatsar Dirma ya kashe shi. Ban ankara ba tsagogin suka buɗe, mutane suka fito, fatarsu kalar laka, idanunsu a ƙafe. Suka kama ni suka kai ni gaban wata babbar randa. Shugabansu ya ce tun da aka ɗauke musu ruwa ba su ƙaura ba, kuma ba za su ƙaura ba, kwarin ubanninsu ne. Abin da suke sha shi ne hawayen matafiya. Kowa ya ratsa sai ya yi kuka cikin randa ya cika ludayi, in ya ƙi a binne shi zuwa wuya har ya yi. Suka ce daga ganin fuskata sun san sun yi babban kamu.

Suka tambaye ni wa ya mutu, na faɗa. Suka tambayi yadda ya mutu, na faɗa. Suka tara ludayi suna jira. Wallahi na so in yi, don tun ranar Talatar nan ɗigo bai fito mini ba, amma wutar da ke cikina ta ƙone shi tun daga tushe. Da na ga sun fara haƙa rami, sai na roƙi a bar ni in ci abinci tukuna. Na kwance burgami na ɗauko albasar Gangare, wadda ko a kasuwa sai an juya fuska ake yanka ta. Na sara ɗaya, na sara biyu, na miƙa wa shugaban ya sansana. Idon da ya yi shekaru aru-aru a ƙafe ya ɓalle. Na yi ta sara suna matsowa, manya da yara, kowa ya sunkuya kan randa yana kuka yana dariya. Na zube musu rabin burgamin, na haye gangaren kwarin ba wanda ya waiwaye ni.

Kwana tara cif na hango madatsar Dirma. Bango ne na baƙin dutse daga wannan tsauni zuwa wancan, gajimare yana goga ciki a kansa, da ƙofofin ƙarfe bakwai kowace ta fi masallacin Juma'a faɗi. Na hau matakala ina ƙirgawa har na ɓata. A sama na ga ruwa kwance iya ganin ido, shuɗi, lafiya lau, kamar bai taɓa taɓa kowa ba. Na tofa masa yawu.

A gindin ƙofa ta farko na tarar da wata tsohuwa zaune cikin goruna, hannuwanta ja har gwiwa, tana shafa musu jan ƙasa. Na zare adda na ce ina mai buɗe ƙofa. Ta dube ni, ta dubi addar, ta ce masu buɗewa mutum saba'in ne, in na gama da su akwai wasu saba'in, amma in gora nake nema ita ce, sunanta Tasalla, shekara hamsin tana wannan aiki. Na ce to ita nake nema. Na faɗa mata ranar, na faɗa mata mutum nawa.

Ta ajiye goran da ke hannunta a hankali.

"Ɗan nan, maimaita ranar."

Na maimaita. Ta miƙe, ta kama ni ta wuyan riga da jan hannun nan, tsohuwar da iska za ta iya kayarwa, ta ja ni zuwa wani dutse inda take yin zane duk sakin da ta yi. Ta ɗora yatsana a kan zanen Asabar, kwana uku kafin Talatarmu. Ta ce arba'in ta saka, da hannunta, ɗaya bayan ɗaya, tana yi wa kowane addu'a kamar yadda uwarta ta koya mata.

"In ka ga dama ka sare ni, na gaji dama. Amma wani ɗan banza yana tsakanina da ku yana cinye mini aiki, kuma gobe da safe zan saki wasu."

Na ce a dakata da buɗewar. Ta nuna mini inda ruwa ya kai, saura taki ɗaya ya shafe bango, ta nuna mini birninsu a ƙasa, yara suna wasa a inuwar madatsar. Ta ce in ba a buɗe ba su ne za su tafi, sannan mu. Na tuna Inna tana dashe. Na ce to ni zan bi gorunan in ga inda suke maƙalewa.

Ta zaɓo mini wani ƙaton gora irin na masunta, wanda ake kifa ciki a kai. Da gari ya waye ta saki arba'in ɗinta, na faɗa cikinsu. Addar ta yi mini nauyi, na bar mata. Kwana uku ina bin ruwa, in na gaji in ɗaure kaina da igiya. Na wuce inda kogi ke shiga cikin dutse ya fito ta wancan gefe da sanyin ƙanƙara. Na wuce kadoji masu gansakuka a baya, suka buɗe ido suka ga ja suka ba mu hanya, ashe ko su sun san alkawarin. Gorunan suna tafe kewaye da ni suna ƙwanƙwasar juna, kamar mata za su biki.

A bakin iyakar Halkuma da ƙasarmu muka tsaya cak. An ja taru na sarƙa daga gaɓa zuwa gaɓa. Dogarai suka zo cikin kwalekwale suka tsame mu, ni da su, suka kai mu gaban Magajin Iyaka, wani mutum mai suna Ɓaidu, mai tsabtar riga da taushin murya. Ya ce sabon sarkinsu ne ya lura ana tsare hanyar tudu an bar ta ruwa a buɗe, ya sa aka ja tarun bara. Ya nemi hatimina. Na taɓa wuya na ji igiya kaɗai, yumɓun ya narke. Ya ce wannan laifi ne, kwana bakwai a tsare. Ya sa aka buɗe wani ɗaki.

Suna ciki. Arba'in ɗin Asabar, a jere a kan katako, ƙura ta hau su, kowane an ɗaure shi da igiya kada ya gudu.

Ban san lokacin da na yi kansa ba, sai da mutum huɗu suka danne ni. Na faɗa masa ko mene ne waɗannan, na faɗa masa abin da ya kashe. Ya saurara har na gama, bai katse ni ba. Ya ce wani tsohon masunci ya taɓa gaya masa haka, amma gaɓar Halkuma dutse ce mai tsawo, ruwa bai taɓa hawa ta ba, don haka ba su da wani babi a kan gora. Ya ce bai zalunce su ba, kowace safiya yana zuwa da kansa ya yi musu tambaya uku, su ne suka ƙi amsawa. Na ce shi ruwan da ya zo ya kashe mu, ya tambaye shi sunan ubansa?

"Samari, in Baƙo ya zo da fushi ɗage tarun muke yi. Doka ai ta abin da za a iya tsayarwa ce."

Aka rufe ni tare da su, tsofaffi da sababbi. Washegari na roƙe shi. Na ce ranka ya daɗe har bakina ya bushe, na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba bayan Inna. Ya ce ya tausaya, zai rubuta wa fada, amsa takan zo cikin wata biyu. Na zage shi, na zagi sarkinsa, ya ce wannan ma zai rubuta. Kwana biyu suka tafi a haka cikin ukun da gorunan suka riga ruwa da su.

A safiya ta uku ya shigo da magatakardansa da ɗanyen yumɓu, ya tsaya gaban gora na farko, ya gyara murya ya ce, sunanka. A nan na tuna dattijon nan da akuyarsa. Na ce ranka ya daɗe, wanda ba ya magana, wani na iya amsa masa? Ya ce sosai, in dai ya san shi, kuma sunan na gaskiya ne ba ƙirƙira ba, don a Halkuma ƙirƙirar suna yanke harshe ne. Ya ce me ya sa ban tambaya ba tun shekaranjiya.

Na ɗauki gora ɗaya cikin sababbin. Yana da sanyi a hannu.

"Hassu 'yar Mati. Za ta Gangaren Albasa."

Magatakarda ya rubuta, ya buga hatimi, ya rataya. Na ɗauki na biyu, ƙarami. Jaririn Hassu kwana shida ya yi a duniya, ba a raɗa masa suna ba, amma na san wanda ubansa ya yi niyya, shi na faɗa. Na bi su bukka bukka kamar yadda muka kafa su daga gabas. Audi Gurgu ɗan Tunau. Ladidi da ƙanwarta Kande, 'ya'yan Jatau mai rijiya. Malam Ango da ya koya mini baƙi da wasali. Wani in faɗi sunansa in ga yadda yake riƙe fartanya, wata in ji muryarta tana kiran awaki. Ɓaidu yana tsaye yana gyaɗa kai, fuskarsa fes, mutum ya ga aiki yana tafiya daidai.

Na talatin da huɗu ya daɗe a hannuna.

"Barmo ɗan Cindo."

"Ina za shi?"

"Gida."

Ya ce gida ba sunan wuri ba ne. Na faɗi sunan wurin.

Shida suka rage ba ni da sunan ba su, aka mayar da su kan katako. Sauran aka ɗaga gefen taru aka sake su, ina kallo ta taga har jan ƙarshe ya sha kwana. Washegari kafin azahar ƙasa ta fara rawa. Dogarai suka ɗage tarunsu cikin natsuwa, ruwa ya wuce ƙarƙashin tagata yana tafe da itatuwa da saiwoyinsu. Na riƙe ƙarfen tagar ina lissafin tafiyar gora da tafiyar ruwa, in lissafa ya isa, in sake ya kasa. Haka na cika kwana bakwai ɗina, ba a rage mini ko yini ba.

Da suka sake ni ban tsaya ba sai Gangare. Cikin kogi ba bukka ko ɗaya, ba kunya ko ɗaya ta albasa, laka ce shafe. Na tsaya a gindin tudu na kasa kunne. Sai na ji kukan jaki, sannan sautin taɓarya.

Suna nan. Duka. An ce gorunan sun iso da la'asar, aka kwashe yara aka hau, ruwa ya zo washegari da rana tsaka. Da hankali ya kwanta aka ga abin da ke rataye a wuyansu, aka kira liman ya karanta, tun daga nan kowane gida ya ɗauki nasa. Na sami Inna a bakin zana tana tsince wake, nata goran yana gefenta a kan tabarma. Barmo ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce na rame. Sannan ta ɗora hannu a kan goran.

"An ce na wannan ne ya iso ƙarshe. Dama haka yake, sai ya ga kowa ya wuce."

Abin da mutanen kwari suka nema da ludayi suka rasa, nan ya zo, a kan waken Inna.

Kwana goma na yi a gida. Dattawa suka ce a gode wa Allah, na gode. Suka ce to a manta, na ce tarun yana nan. Sarkinmu ba zai rubuta wa na Halkuma ba, wai kada a ce shi ya fara magana. Saboda haka na koma, na kafa bukka a bakin iyaka, inda nake zaune yanzu shekara shida ina dakon goruna. Ɓaidu ya sanar da ni tun zuwan farko cewa sunan da ya fita bai dawo ba, ba ya sake fita. Sunayen matattunmu sun ƙare a rana ɗaya, kuma ba na fatan a ƙara mini ko guda. Na masu rai nake ara yanzu. Duk gidan da aka yi haihuwa a Gangare, ranar suna sai a aiko mini, in ajiye.

Ɓaidu ya tsufa, an ƙara masa girma, an ba shi alkyabba saboda bai taɓa barin komai ya wuce ba tambaya ba. Kullum da safe in zai wuce yakan tsaya a ƙofar bukkata ya ce, Malam Nomau, an tashi lafiya? Ban taɓa amsa masa ba. Shi kuma bai taɓa gane dalili ba.